Ƙafafu na ruɓewa a ƙauyukanmu, likitocin ƙafa kuma kowa ta kansa yake yi

Jama'a, yau a ajiye siyasa a gefe, maganar ƙafa zan yi. Da likitoci da ma'aikatan jinya nake, musamman matasan da aka turo asibitocin Kazaure, Babura, Roni, Gwiwa da nan Yankwashi. Sauranmu kuma mu kasa kunne, don ƙafar da ake magana a kai tamu ce da ta iyayenmu.

Tsakanin 2016 da 2017, wasu likitocin ciwon suga daga manyan asibitoci shida na ƙasar nan, har da Kano da Zariya, sun haɗa kai sun bi diddigin mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa irin na masu suga. Kimanin kashi 35 cikin 100 sai da aka yanke musu wani sashe, wani yatsa, wani har sama da gwiwa. Kimanin kashi 20 cikin 100 kuwa rasuwa suka yi. Wato ɗaya cikin uku ya bar wani abu na jikinsa a asibiti, ɗaya cikin biyar bai koma gida da rai ba. Waɗannan fa su ne masu gatan da suka kai babban asibiti.

Abin da nake so a lura da shi, babu likita ɗaya, komai ƙwazonsa, da zai iya fito da wannan lissafi shi kaɗai. Kowannensu ya san yana yanke ƙafafu, amma sai da suka zauna tare suka ga girman abin. Wannan shi ne amfanin ƙungiya na farko, kuma shi ya sa nake ganin duk ma'aikacin lafiyar da ƙafa ke biyowa ta hannunsa a yankin nan, zaman kaɗaici bai kamace shi ba.

A Amurka kula da ƙafa da idon sawu fanni ne mai zaman kansa, da makarantunsa da digirinsa, kuma ƙungiyarsu ta samo asali tun 1912. Mu a nan aikin a warwatse yake. Likitan ƙashi na da nasa kaso, likitan suga na da nasa, ga nas mai wanke gyambo, ga mai gashin ƙashi, ga mai haɗa ƙafar roba. Mara lafiya ɗaya ne, amma mutum biyar ɗin nan ba lallai su taɓa zama ɗaki guda ba. Akwai ƙungiyar likitoci ta ƙasa, NMA, akwai ta likitocin ƙashi, akwai ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta Najeriya. Duk suna nan, ƙofarsu a buɗe. Abin da ya rage shi ne namu na karkara su shiga da gaske, su kuma matsa a ware wa ƙafa zama na musamman a cikinsu.

Ku duba yadda abin ke faruwa a wurinmu. Manomi ne, shekara hamsin da wani abu, yana da suga, wataƙila bai ma sani ba. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga tafin ƙafa. Sai ya taka ƙaya ko tushiyar gero a gona, da silifas ko ba takalmi, bai ji komai ba. Ko faso ya tsage da sanyin hunturu, ko a yanke masa farce da reza a haɗa da nama. Ba zafi, to ba gaggawa. A barbaɗa garin magani, a ɗaure da tsumma, a je kemis a sayi kafso biyu. Sai ƙafa ta kumbura ta fara wari sannan a nemi mota zuwa Kazaure, daga can a rubuta takarda zuwa Kano, Dala ko asibitin Malam Aminu Kano. Kafin a isa, magana ta koma a ina za a yanke, ƙasa da gwiwa ko sama. Kuma ranar da aka yanke ƙafar magidanci a ƙauye, gona ta tsaya, kasuwa ta tsaya, yaron da ke sakandare ya dawo gida riƙon fartanya.

Abin takaicin, gwajin da ke nuna cewa jijiyar ƙafa ta fara mutuwa ba na'ura ba ce mai cin wuta. Wani ɗan siririn zaren roba ne, ana dangwala shi a wurare kaɗan a tafin ƙafa, a tambayi mutum ko ya ji. Minti biyu an gama. Amma don Allah masu suga da ke karanta wannan, sau nawa aka taɓa ce muku ku cire takalmi a ɗakin likita? Ba mugunta ba ce. Likita ɗaya, layi har waje, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa minti biyun nan sun fi awa uku a tiyata.

A Tanzaniya an gwada, kuma ba ƙasar da ta fi mu kuɗi ba ce. Wajen 2003 aka fara wani shiri can da Indiya, Dakta Zulfiqarali Abbas na Darussalam yana cikin jagororinsa. Daga kowane asibiti a ɗauko likita ɗaya da nas ɗaya, a koya musu duba ƙafa, kankare kanta, gyara gyambo da wayar da kan mara lafiya, su koma bakin aiki, bayan shekara su dawo da bayanan abin da suka gani a ƙara musu ilimi. Yanke ƙafa ya ragu, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Ba gini aka yi ba. Mutane aka haɗa, aka hana su rabuwa.

Haka batun jariran da ake haihuwa da ƙafa a murɗe ciki, kusan ɗaya cikin dubu. Hanyar da Dakta Ponseti ya fito da ita a Amurka, a riƙa miƙar da ƙafar a hankali ana sa filasta duk mako, sau biyar zuwa takwas, galibi da ɗan ƙaramin yanka a jijiyar dunduniya, sannan takalmi na musamman da dare har wajen shekara huɗu, ta sa yaro ya tashi yana gudu kamar kowa. Ungozomar da ta san wannan za ta tura uwa asibiti a makon farko. Wadda ba ta sani ba za ta ce haka Allah Ya halicce shi, a yi haƙuri. Bambancinsu, ɗaya an taɓa kiran ta bita.

Ga kuma masu ɗori. Ni ba na cikin masu zaginsu, don a garuruwa da yawa su ne kusa, su ne kuma ake iya biya. Amma ɗaurin da ya matse har jini ya daina zagawa yana ruɓar da ƙafa, likitocin ƙashi sun daɗe suna kuka da wannan. Likita ɗaya in ya je ya ce wa mai ɗori ga kuskurenka, faɗa za a yi. Ƙungiya kuwa tana iya bi ta fadar Sarkin Kazaure da hakimai, a zauna cikin mutunci a yi yarjejeniya: in ka ga yatsu sun yi sanyi ko sun canja launi, kwance ka turo.

Yanzu bari in yi magana a matsayina na wanda ya kwashe shekaru yana ganin yadda fayil ke tafiya. Takardar da ma'aikaci ɗaya ya rubuto yana neman kayan aiki, in ta yi sa'a a rubuta mata K.I.V. a jefa a kabad, in ba ta yi ba a ce yaron nan ya cika rawar kai. Takardar da ta zo da tambarin ƙungiya, da sa hannun mutum ashirin, da lissafin ƙafafu nawa aka yanke a wata shida da abin da kowace ta ci, wannan sai an kira zama. Kuma lokacin shigar da ita ma ilimi ne: kafin a rufe kasafin kuɗi, ba bayan an sa hannu ba. Gwamnati ba ta jin tausayi a rubuce, lamba take ji.

Na san abin da wasu za su ce a ƙasa. Ƙungiyoyin likitoci ba ma jin ɗuriyarsu sai za a tafi yajin aiki, taronsu a otal ɗin Abuja ko Legas, kuɗin rajista ya kusa rabin albashin ƙaramin likita, a ci a sha a ɗau hoto. Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Amma wa ya bar musu ita? In na karkara ba su shiga ba, na birni ne za su ci gaba da tsara ajanda, kuma ƙayar gonar Gwiwa ba za ta taɓa hawa ajandar ba. Tunda dai dole likita ya tara makin ƙarin ilimi kafin ya sabunta lasisinsa, me zai hana a tara shi a kan abin da ke kashe mutanen da yake dubawa?

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ma'aikatar lafiya a Dutse ta ba likita ɗaya da nas ɗaya daga kowane babban asibiti izinin tafiya bita da kuɗin mota, ta kuma daina yi musu canjin wurin aiki wata uku bayan sun dawo. Manyanmu na Dala da ke da ƙwarewar, su riƙa kawo zaman nan Kazaure ko sau ɗaya a shekara, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. A buɗe zaure ɗaya na WhatsApp inda nas a Roni za ta tura hoton gyambo, da izinin mai shi, ƙwararre ya ce mata wanke ko turo yau.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya. Maimakon tattaki da riguna masu rubutu, a sa benci a harabar asibiti, duk mai suga ya cire takalmi a duba shi, a rubuta adadin. Wanda ya san likita ko nas a ƙananan hukumomin nan biyar, ya taimaka ya tura masa wannan. Ina so in ji daga bakinsu me ke hana su shiga, kuɗin ne ko rashin wanda zai riƙe musu asibiti in sun tafi.