Ya sha koko ƙarfe bakwai, ƙarfe goma yana kukan yunwa

 Yau hirarmu a kan karin kumallo ce, da wani ƙorafi da kusan kowace uwa ta sani: yaro ya shanye kofin koko da sukari, ko shayi da burodi, amma tun ba a fita tara ba ya fara hamma, hankalinsa na kan kuɗin tara. Ke ma da kika rage a gida, kafin ki gama shara hannu na rawa, rai a ɓace. Sai mu ce kwaɗayi ne, alhali sau da yawa daga cikin kofin ne.

Tuwo, shinkafa, burodi, taliya da koko duk sitaci ne, kuma idan suka isa hanji rikiɗewa suke su zama sukari su shiga jini. Da sukarin ya hau, wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, shi kuma ya kwashe sukarin ya shigar da shi tsoka da hanta. Inda abinci ya bambanta da abinci shi ne sauri. Duba yadda muke koko: a jiƙa gero, a niƙa, a tace, dusar ta tafi wajen awaki. Abin da ya rage gasara ce mai laushi, ga ruwa-ruwa, ga sukari a kai. Ciki bai da aikin da zai yi mata. Nan da nan sukari ya haye, insulin ya fito da yawa, bayan awa biyu ko uku a wasu mutane sukarin ya sauko har ƙasa da inda yake kafin a ci. Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan mutum fiye da dubu a Ingila da Amurka ya nuna cewa waɗanda sukarinsu ya fi faɗuwa haka su suka fi saurin jin yunwa, kuma sun fi cin abinci a wunin.

Yunwa da ƙoshi kuwa saƙonni ne da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa. Tumbi idan ya zama fayau yana sakin wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ne mai cewa tashi ki nemi abinci. Hanji kuma yana da nasa 'yan saƙon masu cewa ya isa haka, daga cikinsu akwai GLP-1. Wataƙila kin ji labarin allurar Ozempic da ake ta magana a kanta a intanet. Aikin wannan sinadari take kwaikwayo: ta rage wa abinci saurin barin tumbi, ta sa mutum ya ji ya ƙoshi. Jikinki yana yin nasa kyauta, kuma abincin da ya fi riƙe ƙoshi shi ne mai furotin (wake, ƙwai, nono, gyaɗa, nama, kifi), da mai dusa da zare-zaren ganye, da ɗan maiƙo. Furotin ya fi sukari daɗewa yana danne girelin. Abin sha mai zaƙi shi ne koma baya, yana wucewa kamar ba a ci komai ba.

A nan ne nake jinjina wa iyayenmu. Ba su san sunan girelin ba, amma ba su raba koko da ƙosai ba. Fura da nono take tafiya, shinkafa da wake, rogo da ƙuli, zogale da ƙuli. Kowane sitaci sun haɗa shi da abokin da zai riƙe masa ƙafa. Mu ne muka zo muka raba auren, saboda saurin safiya da tsadar kaya, ƙosai ya fita, sukari ya ƙaru.

Don haka ban ce ki daina dama koko ba. Ki mayar masa da abokinsa. Ƙwai ya yi tsada, kowa ya sani, amma ƙosai uku, ko yankan alale da kika turara tun dare, ko awara, ko ƙuli biyu a hannun yaro, duk za su yi aikin. Kunun gyaɗa ya fi farin koko riƙe ciki saboda gyaɗar da ke ciki. Idan burodi ne, a ci da wake ko ƙwai. Indomi kuma kada ta tafi ita kaɗai, a yanka mata kabeji da karas, a fasa ƙwai ko a marmasa busasshen kifi.

Sukarin kansa fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kusan ƙaramin cokali 12 a wuni ga babba, idan ma aka tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Zuma da zoɓon da aka cika wa sukari duk suna cikin lissafin. A gida ki rinƙa rage rabin cokali ba tare da sanarwa ba, harshen yara yana sabawa.

Da rana da dare ma akwai dabara. Ƙananan bincike sun nuna cewa idan aka fara da ganye da nama kafin sitaci, sukari ba ya hawa sosai, to ki fara miƙa kwaɗon rama ko zogale kafin shinkafa. Miyar kuka da kuɓewa, yauƙin nan nasu yana rage saurin shigar sukari, a yawaita miya a rage malmala. Hatsi kuma kada a surfe shi har ya yi fari tas.

Barci ma yana da hannu. Ƙarancinsa yana ɗaga girelin, ya rage leftin, sinadarin da kitsen jiki ke fitarwa don shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Uwar da jariri ya hana barci idan ta wayi gari tana marmarin cincin da lemo, kada ta zargi kanta, ta ajiye gyaɗa ko nono kusa.

Sai dai akwai yunwar da karin kumallo ba ya gyarawa. Idan yaro ko babba na ci yana ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari har cikin dare, ko yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, a je asibiti a gwada sukari ba tare da jinkiri ba. Gwajin safe kafin a ci komai, ƙasa da 100 shi ne daidai, 126 zuwa sama idan ya maimaitu ciwon sukari ne. Mai shan maganin sukari ko yin allurar insulin, da mai juna biyu, kada su rage abinci sai da shawarar likita, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa ya zama haɗari.

Ki gwada kwana uku da ƙosai ko alale kusa da kofin, ki tambayi yaran ƙarfe nawa yunwa ta kama su, ki rubuto mana a ƙasa. Masu dabarar karin kumallo mai sauƙin kuɗi ma muna jiranku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.