Tsohuwar Mota a Doka: Gyara Ya Fi Sauyi

A Doka, garin da ke kan titin Gadarif zuwa Gallabat a iyakar Habasha, damina ce ke yi wa mota hisabi. Baƙar lakar yankin tana riƙe taya kamar danƙo. Tsohuwar Hilux kuwa, wadda mutanen Sudan ke kira boksi, in ta sha taɓo ta kuma sha dakon buhunan riɗi da dawa, sai ta fara tari da hayaƙi. A nan ne mai ita kan yi sha'awar rabuwa da ita, ya sayo wata ta hannu.

A wannan zamani, shawarar tana da haɗari. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka wawashe motoci masu ɗimbin yawa a Hartum, wasu suka shiga kasuwa da takardun da ba su da asali. Ga kuma waɗanda ake kira Boko, da aka shigo da su ta Libiya ba a biya kuɗin kwastan ba. Wanda ya sayi irin waɗannan yana iya rasa mota da kuɗi a shingen bincike guda.

Tsohuwar kuwa, mai ita ya san ciwonta, bakanikensa ma ya sani. Injin da giya duk ana gyara su, ko da faɗuwar darajar fam ta sa kayan gyara tsada. Sai in ƙashin motar ne ya tsage, walda ta ƙi riƙewa. A nan sauyi ya zama dole, bayan an gwada lambar jikin wadda za a saya da ta takardunta a ofishin 'yan sandan hanya.