Daga Bakin Zaure: Ranar Da Aka Naɗa Ni Alƙali

A wannan wata zan ba ku labarin wani aiki da aka ɗora mini ba da nemana ba, wanda saura kaɗan ya jawo mini jifa.

Ɗan ƙanwata ne ya zo wata rana da yamma, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, samarin unguwarmu za su yi gasa ran Asabar, muna so ka zama ɗaya daga cikin alƙalai." Na ce, "Gasar me?" Ya ce ta gambarar zamani ce, watau waƙar nan da su ke kira rap. Mutum biyu za su tsaya gaba da gaba, ba kiɗa ba ganga, kowa ya yi wa ɗan'uwansa zambo da magana mai amsa-amo. Na ce, "Ni da ban san kan abin ba?" Ya ce, "Ai Kawu ka san Hausa, kuma ba ka da naka a ciki."

Ran Asabar bayan la'asar muka taru a wani fili cikin birni, tsakanin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Samari sun cika, yara sun hau katanga, kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗauka. Mu alƙalai uku ne. Aka ce turmi uku za a yi kamar na dambe, kowane turmi minti biyu ga kowa.

Yaran biyu, ɗaya dogo ne ɗaya gajere. Dogon ya zo da shiri. Ya kan ɗauki kalma ɗaya ya ba ta ma'ana biyu, ya kan juya karin magana ya harbi abokinsa da ita, in kuwa aka jefe shi da magana, nan take ya kan cafe ta ya mayar. Gajeren yana da murya da tsayuwa, ga jama'a, gama a unguwarsu a ke wasan. A turmi na biyu ya yi wa dogon ba'a a kan tsohon babur ɗinsa da ba ya tashi sai an tura, har ni kaina na yi dariya. Amma a turmi na uku guzurinsa ya ƙare. Sai ya kama zancen karayar arzikin uban dogon a kasuwa, da yadda uwarsa ta bar gidan. Wuri ya kaure da ihu da tafi. Na duba gefe, na ga ƙanen dogon, yaro kamar ɗan shekara goma, ya sunkuyar da kai yana share hawaye.

Kowannenmu ya rubuta hukuncinsa a takarda, ba tare da shawara da juna ba. Da aka buɗe, dukanmu mun ba dogon turmi biyu, gajeren ɗaya. Haba! Sai ka ce an taɓa gidan rina. "An yi son kai!" "Tsofaffin nan ba su san waƙa ba!" Wani ya jefo ledar ruwa, ta fashe a gabana. Kashegari kuma guntun hoton ya bazu a wayoyi, daidai wurin zagin nan kaɗai, ana tambaya yaya wanda ya sami wannan ihu zai faɗi.

Tun daga ran nan na ke tunanin abin. Karawa da baki ba baƙuwarmu ba ce. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun shahara da yi wa abokan hamayyar ubangidansu zambo da habaici, sau da yawa ba tare da kama suna ba, mai abin ya san kansa. Marubuta waƙa ma sun kara. Da Sa'adu Zungur ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin na nan Kano ya amsa masa da "Arewa Jumhuriya Kawai". Hujja ce ta kara da hujja. Ga kuma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko taubasai. A kan faɗi magana mai zafi a yi dariya, domin kowa ya san inda iyaka ta ke.

A Amurka ma, inda rap ya fito, an daɗe ana wannan gardama. A watan Disamba na 1981, a wani gidan wasa mai suna Harlem World a birnin New York, Busy Bee ya hau dandamali ya motsa jama'a da kirari da sa su amshi, kamar yadda ya saba. Sai Kool Moe Dee ya hau bayansa, ya tunkare shi kai tsaye da baituka masu tsari. Kaset ɗin wannan dare ya zaga gari, har yau kuwa ana lissafta shi cikin tushen irin wannan gasa. Daga baya aka kafa ƙungiyoyi domin ita, kamar King of the Dot a Toronto ta Kanada a 2008, da Ultimate Rap League a Amurka a 2009. Wannan ta biyun, a yawancin karawarta ba ta kan sa alƙali ba, sai a bar 'yan kallo su yi ta musu.

To, mu nan barin hukunci ga taro yana da hatsari. A dambe, in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, kowa ya gani, an yi kisa. Magana ba ta da irin wannan shaida. Ihu kuma yana bin wanda ya fi yawan 'yan unguwa, da wanda ya fi rashin kunya. Mun kuma san abin da waƙa ta kan haifar in magoya baya suka ɗauke ta da zafi. Tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 waƙoƙin zambo su ke tafiya tare da 'yan banga. A watan Maris na 2023, bayan an faɗi sakamakon zaɓen gwamna, an kai hari gidan mawaƙin siyasa Dauda Kahutu Rarara a Kano, aka cinna wuta. Ko ma mene ne ra'ayinka game da waƙoƙinsa, wannan ɓarna ce. Baki shi ke yanka wuya, in ji Hausawa, wani lokaci kuwa har da wuyan wanda bai ce kome ba.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda aka roƙa ya yi irin wannan alƙalanci.

Na fari, a faɗi ma'auni a gaban jama'a tun ba a fara ba: tsarin magana da amsa-amo, hikima, iya mayar da martani nan take, da fitar murya. Mu ba mu yi haka ba, kuskurenmu ke nan. Da mun yi, da rabin fushin nan bai taso ba.

Na biyu, a kafa iyaka. Iyaye, da addini, da ƙabila, da naƙasar jiki, ba sa shiga. Wanda ya taɓa su ya faɗi turmin, ko da ihu ya kai Dutsen Dala.

Na uku, alƙalai su zama uku ko biyar, kada a ɗauko su daga unguwar ɗayan masu karawa. Kowa ya rubuta nasa bayan kowane turmi.

Na huɗu, in an faɗi hukunci a faɗi dalilinsa, sa'an nan masu karawa su yi musafaha a gaban kowa kafin a watse.

Ku kuma iyaye, kada ku yi saurin korar abin da cewa shashanci ne. Yaron da zai zauna mako guda yana tsara baituka, yana neman karin magana wurin kakarsa, yana koyon harshensa ne. Ku tambaye shi ya karanta muku abin da ya rubuta. In akwai layin da ya ji kunyar faɗi a gabanku, ya riga ya san ba na faɗi ba ne a gaban taro.

Bayan mako biyu ɗan ƙanwata ya zo mini da gajeren nan. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ni dai dalili na ke so in ji." Na ce, "Ɗana, turmi na biyu naka ne, ba ja. A na uku kuwa ba da abokinka ka kara ba, da ubansa ka kara, shi kuwa ba ya wurin balle ya rama." Ya yi shiru, ya daɗe. Na ce ya tafi ya gai da dattijon nan a rumfarsa, ya nemi gafara. Ya ce zai je, amma yana so a sake karawa. Na ce in sun rubuta dokoki, zan zo in zauna.

Sai wata mai zuwa. Ku huta lafiya.