Taura Biyu Ba Ta Taunuwa, Ko Da 'Yan Kwikwiyo Ne

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karo yawancinsu kamar yadda aka saba ne, wannan saurayinta ya daina zuwa zance, waccan kishiya ta sa ta a gaba, to amma akwai guda ɗaya da ta fita daban, wadda na fara karanta ta da dariya, kafin in kai ƙarshe kuwa dariyar ta tsaya. Wata ƙanwata ce 'yar aji biyar na sakandare ta rubuto daga Dawakin Kudu, ta roƙi a sakaya sunanta, na kuwa sakaya.

Ga abin da ta ce a taƙaice. Mahaifinsu yana noman rani a wajen Bunkure, tumatir da albasa da alkama, kuma bara sau biyu ɓarayi suna shigar masa, na farko suka kwashe buhunan taki, na biyu suka ɗauke injin ban-ruwa ɗungurungum. Sai wani abokinsa mafarauci da karyarsa ta haihu ya ce ya zo ya ɗauki 'yan kwikwiyo biyu kyauta, mace da namiji, satinsu uku da haihuwa, in kuwa ba a ɗauka ba shi bayan gari zai kai su ya zubar. Yayanta kuma ya ce a rabu da waɗannan, shi ya ga wani a Facebook yana sayar da 'ya'yan karen Turawa irin na 'yan sanda a cikin Kano, a sayo biyu. Innarsu ta ce ita ba da ita ba. Baba ya ce duk wanda zai yi wahalarsu shi ya yanke hukunci, wahalar kuwa kanta za ta faɗo tun da ita ce mai kula da awaki da kajin gidan. Tausayi ya kama ta, so take ta karɓi duka biyun, ga shi kuma baɗi za ta zauna jarrabawar fita.

Ƙanwata, amsata gajeriya ce: ki karɓi ɗaya. Amma da yake na san ba za ki gamsu da haka kurum ba, gyara zama.

Mu fara da maganar Inna, domin tana da gaskiyarta. An ruwaito cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ake ajiye kare, kuma wanda ya ajiye shi haka siddan ladansa yana raguwa kullum, sai dai an togace karen farauta da na tsaron dabbobi da na gona. Naku na gona ne, don haka yana cikin waɗanda aka togace. Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a 996 Miladiyya, da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, kare ya ajiye, da aka tuna masa Imam Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu zaki ma zai ajiye. Ke dai ki yi masa wuri can bayan gida wajen turken awaki kafin ya isa komawa gona, ki ware masa kwanonsa, kada ya saba da tsakar gida balle ɗaki. In ya sa baki a kwanon ruwanku, a zubar a wanke sau bakwai kamar yadda aka koya mana a Islamiyya. In har yanzu ran Inna bai kwanta ba, Baba ya tambayi malamin unguwarku ya zo mata da amsa.

Shi kuma Baba ba a ga laifinsa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, gona ta daina hutun rani, dukiyar da ke kwana a fili kuwa ta yawaita, inji da taki da tiyo da kwandunan tumatir masu jiran motar Kwanar Gafan. Amma ki gaya masa cikin ladabi cewa ba a kiwon kare ranar farauta. Kwikwiyon da aka ɗauka yau ba zai tsare masa komai a wannan ranin ba, sai ya yi wajen shekara kafin haushinsa ya zama abin da ɓarawo zai tsaya ya yi tunani. Bana dai sai a nemi mai gadi ko a dinga dawowa da injin gida.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ɗaya. Mutane suna zaton in an haɗa biyu za su ɗebe wa juna kewa, mai kiwo ya huta. Su kam za su ɗebe wa juna kewa, har su manta da ke. Masu horar da karnuka sun daɗe suna lura cewa 'yan ciki ɗaya in sun tashi tare, hankalinsu kan koma kan juna, ki kira wannan ya dubi ɗan'uwansa, ki tsawata wa wancan wannan ya ja shi da wasa. Kare kuwa amfaninsa duka yana cikin jin magana, ya san sunansa, ya san "zo", ya san "bari", ya san 'yan gida da baƙo. Mai son ya yi kiwon biyu yadda ya kamata sai ya raba musu wurin kwana, ya raba musu wurin ci, ya koyar da kowanne shi kaɗai. Ki lissafa wannan a kan sharar safe, da wanke-wanke, da makarantar boko, da Islamiyyar yamma, da karatun jarrabawa, ki gaya mini a ina za ki sa shi.

Sannan kare ɗaya mai kunya ne, biyu kuwa ƙungiya ce. Abin da ɗaya ba zai yi ba, in suka haɗu sai su yi shi, su fara da bin kaza da sunan wasa, gobe ɗan akuya, jibi tunkiyar maƙwabta da aka daɗe ana kiwo don kayan ɗakin wata. Ranar da aka shigo muku da mushen tunkiyar Hajiyar maƙwabta ana salati, har magana ta kai gaban mai unguwa, wallahi ba wanda zai tuna cewa tausayi ne ya sa kika karɓe su, kuɗi za a ce Baba ya biya, zumuncin shekara da shekaru kuma ya yi tsami.

Kuma kin ce mace da namiji ne. To su ba su san wa da ƙanwa ba. Karya tana iya fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa shekara, cikinta wajen kwana 63 ne kacal, kuma sau biyu a shekara take iya yi. Kafin ki ga sakamakon jarrabawarki, biyun nan sun zama bakwai ko takwas, kin koma inda mafaraucin nan yake yau, kina neman wanda zai karɓa. In kuma aka ce a ɗauki mata biyu ko maza biyu, da sun girma faɗan neman girma ya tashi, na matan ma ya fi muni.

Abinci kuwa kada ki raina shi. Ɗan kwikwiyo yana ci sau huɗu a rana har ya yi wata 3, sannan sau uku har wata 6, daga nan sau biyu, kuma ƙanzo da kingin tuwo kaɗai ba sa gina shi, yana son ɗan kifi ko ƙwai ko tarkacen mahauta da aka dafa. Gidanku gidan albasa ne, to ki kiyaye, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ɗanye ko dafaffe. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi a ciki. In ya koma gona a ɗauke robobin maganin feshi da maganin ɓera daga inda bakinsa zai kai, don kwikwiyo komai ya gani sai ya tauna.

Abin da ya tsayar mini da dariya kuwa shi ne, a duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika ambaci allura ba, alhali kin ce kina da ƙanne uku ƙanana. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe wajen mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne masu wasa da kare, su ne kuma masu ɓoye cizo don tsoron duka. Cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar inda ke da ciwo, sai ta yi lamo a jiki wata biyu ko uku, wani lokacin sati ɗaya, wani lokacin har shekara, ranar da ta bayyana mutum ya fara tsoron ruwa kuwa sai dai addu'a. Kuma ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da ita, ƙanƙantarsa ba ta wanke shi ba.

Alhamdu lillahi akwai rigakafi, kuma ya daɗe. Tun a 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allura ya rayu, shi ya sa tun 2007 ake tunawa da wannan ciwo duk ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu. A nan gida cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Da kwikwiyonki ya cika wata 3 a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa, a karɓi takardar shaida a adana, a kuma dinga maimaitawa duk shekara. A nan za a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, da rigakafin gudawar jinin nan da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwana kaɗan. Wannan gudawa in ta kama ɗaya sai ta kama na biyu, kin ga kuɗin magani ma ninki biyu ne.

Ku kuma sauran masu karatu, ko ba ku da kare ku riƙe wannan. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, sannan a wuce asibiti a ranar, in babu allurar a nan su tura ku cikin Kano. Kada a tsaya shafa toka ko ƙona gashin karen ana liƙawa. Karen kuma in an san shi a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba, wani shiru yake yi, baki a sake yawu yana zuba, sai a ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, a sa hannu a ciro. Kada wadda ta kuskura.

Batun na mafarauci ko na Yaya kuwa, ni na mafarauci na zaɓa. Kin san uwar, za ki iya zuwa da Baba ku ga lafiyarta da halinta, karen gida kuma ya saba da zafinmu da kaskarmu da tuwonmu. Karen Turawa ga tsada ga ci ga laulayi, kuma hoton waya ba ya nuna ciwo. In Yaya ya nace, ya je da ƙafarsa ya ga uwar da takardun allurarta, ya kuma san cewa malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan cinikin kare ko da na tsaro ne, kyauta kuwa babu wannan magana. Sai dai sati uku ya yi kaɗan ƙwarai. A roƙi mafaraucin ya bar shi wurin uwarsa har sati 8, yana shan nono yana koyon iya cizon wasa a cikin 'yan uwansa. A Ingila tun 2018 doka ta hana masu sana'ar sayar da kwikwiyon da bai kai haka ba. In ɗan kuɗin dusa ne ya dami mutumin, Baba ya taimaka masa da shi na sati biyar ɗin.

Sati biyar ɗin nan kuma su ne damar ɗayan da kike jin tausayi. Tausayinki abin yabo ne, an gafarta wa wani bawan Allah saboda ruwan da ya shayar da kare mai ƙishi. Sai Baba ya yi cigiya cikin maƙwabtansa na gona, ba shi kaɗai ɓarayi suka dama ba, da wuya a rasa mai so. Ki ɗauki namijin, in kuna so likitan dabbobi ya fiɗiye shi don ya rage yawon dare. In ya shekara ya natsu, aka ga lallai gonar tana buƙatar na biyu, a lokacin sai a ƙaro, babban ma zai taya ki koya wa ƙaramin.

Wata tambaya kuma ki kai wa Baba da Yaya tun kafin a kawo shi. Kare yana yin shekara 10 har fiye, ke kuwa in Allah Ya yarda nan da 'yan shekaru ko kina jami'a ko an kai ki ɗakinki, kuma ban taɓa ganin amaryar da aka sa wa kare cikin kayan gara ba. Wa zai ci gaba da ba shi abinci da kai shi allura? Yaya ya amsa da bakinsa a gaban Inna.

Ki rubuto mini bayan an yi masa allurar farko, ki kuma gaya mini sunan da kika raɗa masa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.