Sharhi: Wa Ke Duba Mai Jego Bayan Suna?

Sharhinmu na yau kan mai jego ne, da halin da take shiga bayan 'yan barka sun watse.

A asibitocinmu jariri yana da kati. Ana ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyinsa, a rubuta ranar kowace allurar rigakafi. Uwar da ta goyo shi kuwa, tunda ta zo da ƙafarta, galibi ba mai tambayarta komai.

Alhali wahalar ba a ɗakin haihuwa take ƙarewa ba. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a watan Disamba na 2023 ya nuna cewa kowace shekara aƙalla mata miliyan 40 a duniya haihuwa kan bar su da ciwo mai daɗewa: ciwon baya, tsiyayar fitsari, zafi wajen kwanciyar aure, da damuwa mai hana barci. Mu a Arewa ga kuma ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suna zargin yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Mace na haki, ƙafa ta kumbura, a ce ai jego ne.

Akwai hanyar gano waɗannan tun da wuri. Ma'aunin Edinburgh, wanda aka fitar a 1987, tambayoyi 10 ne kacal kan damuwar da uwa ta shiga cikin kwana bakwai da suka wuce. Sai dai takarda ba ta san kunya ba. 'Yar fari da aka tambaya a gaban surukarta, layi cike da mata, me za ta ce in ba "da sauƙi" ba? Sai an keɓe ta, mace 'yar'uwarta ta tambaye ta da Hausa, dalla-dalla. Kina samun barci? Fitsari na kuɓuce miki in kin yi tari? Kuka na zuwa miki ba dalili? Wa ke ɗebo miki ruwa? Wannan ta ƙarshen ma tambayar lafiya ce, domin macen da ta koma daka da surfe da ɗinki a jikinta ba ta warke ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa sau huɗu: cikin awa 24 na farko, rana ta uku, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na shida. Wannan na ƙarshen ya zo daidai da gama arba'in, ya kuma zo daidai da ranar rigakafin jariri, wato ba sai an sake biyan kuɗin mota ba.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi su sa waɗannan tambayoyi cikin aikin ranar rigakafi, a rubuta amsar uwa a ajiye. Kai kuma maigida, in iyalinka ta ce ba ta jin daɗin jikinta, kada ka jira a fita arba'in. Kai ta asibiti.