Ku Daina Fakewa da Rimi

Yau dai ku yi haƙuri, babu ci gaban labari, domin wata magana da na ji a majalisarmu ta Shahuci ta hana ni sakat. Ana musu kan 'yan siyasar da ke tsallakawa daga wannan jam'iyya zuwa waccan, sai wani matashi ya ce, "To ai Rimi ma ya yi." Kowa ya gyaɗa kai, wai an kashe bakin tsanya.

Haba malam! Wane Rimin? In Muhammadu Abubakar Rimi kake nufi, bari in tuna maka. An zaɓe shi gwamnan Kano a 1979 a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Yana hawa ya soke haraji da jangali, ya kafa jaridar Triumph da hukumar yaƙi da jahilci. Mu masu karatun littattafan Hausa bai kamata mu manta da wannan hukuma ba, don iyayenmu mata da yawa a ajin yamma suka fara haɗa baƙi.

Rigimar ta taso ne daga ƙawance. Shi da Balarabe Musa na Kaduna suka riƙa zama da gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu, su tara ke nan, don su taka wa NPN ta Shagari birki. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji. Nan PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo, har wa da ƙane suka daina gaisawa a cikin birnin nan. Ga kuma takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero, wadda ta jawo tarzomar 10 ga Yuli, 1981, aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Ni ɗan birni ne, ban taɓa yafe wa Rimi wannan takarda ba.

Amma ga inda nake so ku tsaya. Da ya yanke shawarar komawa NPP a 1983, sai ya ajiye kujerar gwamna. Ya sauka, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya shiga zaɓe ba jiniya ba baitulmali, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Kujerar ta PRP ce, ya bar wa PRP kayanta.

To, a 2013 gwamnoni biyar suka bar PDP zuwa APC, har da Kwankwaso na nan Kano. Nawa ne suka sauka? Ko ɗaya. Tun daga nan abin ya zama ruwan dare: mu sha rana a layi mu dangwala wa wata alama, gari ya waye a ce mana an yi gaba da ƙuri'armu, wai don "maslahar al'umma".

Na san za a ce ai ya karɓi ministan sadarwa a hannun Abacha a 1993. Gaskiya ne, kuma tabo ne a rigarsa, ko da yake Abachan ne ya tsare shi a 1998. Ban ce waliyyi ba ne. Cewa na yi duk mai son fakewa da shi, ya fara rubuta takardar murabus tukuna.

Na faɗa wa matashin nan haka, ya ce ai zamani ya canza. Na ce da shi, albashin kujerar ne ya ƙaru.