Kek ɗin Japan mai rawa: a kwaikwayi dabarar, ba kek ɗin kaɗai ba

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da shi: kek mai laushi kamar auduga, ana taɓa shi yana rawa. Kek ɗin cuku na Japan ke nan.

Sai dai tushensa ba Japan ba ne. A 1969 Tomotaro Kuzuno, na kamfanin Morozoff da ke birnin Kobe, ya ɗanɗana kek ɗin cuku na Jamusawa a Berlin, ya koma gida ya yi nasa. Daga nan Japanawa suka rage cuku da sukari, suka riƙa buga farin ƙwai har ya yi kumfa, sannan su gasa kwaɓin a kan ruwan zafi. Shagunan Uncle Tetsu, da suka faro daga Fukuoka, sun kai shi ƙasashen waje. Da suka buɗe reshe a Toronto a 2015, sai da mutane suka yi dogon layi.

Ga matashiyar da ke gasa kek a gida a Rijiyar Zaki, tana tallarsa ta WhatsApp, sha'awar gwadawa ba laifi ba ce. Amma ta fara yin lissafi. Cukun da ake yin sa da shi yawanci shigo da shi ake yi, farashinsa na bin dala. Kek ɗin yana cin ƙwai da yawa, kuma ba ya jure zafin Kano sai da firji, ga halin da wutar lantarki take ciki. Ƙaramin jari kan iya narkewa a gwaji biyu.

Mafita tana kusa. Kindirmon da matan Fulani ke shigowa da shi daga ƙauyukan Ungogo, idan aka tace shi da ƙyalle mai tsabta ruwan ya tsane, yakan yi kauri har ya kusa maye gurbin cukun. Kuɗin kuma a gida zai tsaya.

Kanawa ba baƙin wannan dabara ba ne. Gurasa daga Larabawa ta zo, amma yau har bandashe ake yi da ita, da ƙuli-ƙuli da yaji. Abin da Japanawa suka yi wa kek ɗin Jamus ke nan. Wadda ta fara haɗa shi da kindirmo, a farashin da maƙwabta za su iya saye, ita ce za ta ci kasuwa.